Tsohuwar Mota Da Sabon Sitiyari: Wa Ke Biya, Wa Ke Shan Wuya?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana zagaya tashoshin mota da garejojin ƙasarmu ta Talatar Mafara da Bakura da Maradun, ban kuwa taɓa jin wani ɗan boko ya tsoma baki a cikinta ba, watakila don ana ganin maganar bakanikai ce da yaran mota, ba ta kai a ɓata tawada dominta ba. Gardamar ita ce: tsofaffin manyan motocin nan masu bodin katako da ke kwaso amfanin gona daga garuruwa irin su Dakko da Rini da Birnin Tudu zuwa kasuwa, a bar su da sitiyarinsu na asali wanda ƙarfin damtsen direba kaɗai ke juya shi, ko kuwa a cire a sa masu na zamani mai aiki da famfo da mai, wanda direbobi ke kira sitiyarin fawa? Fawar nan dai ba ta mahauta ba ce, kalmar Turanci ce aka hausantar. Direbobi kusan bakinsu ɗaya, a sa. Masu motoci kuwa yawancinsu sun ce a bari. Ni ina bayan direbobi, amma da sharuɗɗa masu nauyi, har ina ganin in ba za a cika su ba, gara a bar motar yadda Bature ya ƙera ta.

Kafin mai karatu ya juya shafi, ya tuna da inda kuɗin makarantarsa suka fito. Da yawa daga cikinmu buhun shinkafa ne ko na albasa ko na dankali ya biya mana rajista, buhun nan kuwa bai yi fiffike ya tashi zuwa kasuwar Talata ba, a bayan ɗaya daga cikin motocin nan ya je. Ba buhu kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar kasuwa da la'asar ya ga yadda mutane ke zama bisa lodi, 'yan kasuwa da 'yan dako da almajirai, ƙafafu na reto. Rayukan waɗannan bayin Allah duka suna rataye ne a jikin 'yan ƙarafan da suka haɗa sitiyari da ƙafafun gaba, waɗanda ko kaurin damtse ba su kai ba. Birki in ya shanye, gwanin direba yana da sauran dabara, ya rage giya, ya nemi tudu ko yashi. Sitiyari in ya kufce babu abin da ya rage sai salati.

Motocin da ake magana a kansu ba baƙi ba ne. Akwai Bedford mai dogon hanci, wadda aka fara ƙera samfurinta a Ingila a 1958, aka riƙa haɗa ta a Legas, kamfanin kuwa ya daina yin manyan motoci tun kafin 1990. Akwai Marsandi mai guntun hanci, wadda aka fi sani da 911, da Jamusawa suka fara fitarwa a 1959 suka ci gaba da yi wa ƙasashe irin namu har 1995. Masana'antar ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a 1980 ta haɗa manyan motocin wannan kamfani masu yawa. A zamanin ne kuma aka kafa masana'antar Fiat a Kano da ta Steyr a Bauchi, ga ta Peugeot a Kaduna da ta fara aiki a 1975, wadda ta ba mu a-kori-kura. Watau mafi ƙuruciya a cikin motocin nan ta girmi yawancin masu karanta wannan mujalla. Kusan babu wadda ta rage da abin da aka haife ta da shi. An sake mata inji, an sake bodi, an ƙara mata sifirin don ta ɗauki abin da ba a yi ta dominsa ba, an sa mata tayoyi masu faɗi. Sitiyarin ne kawai aka bari kamar yadda yake, shi da aka auna shi da motar da ba ta kai wannan nauyi ba.

Taɓa sitiyari ma ba sabon abu ba ne ga bakanikanmu. Ranar 2 ga Afrilu 1972, a zamanin Janar Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta, tun daga nan aka shiga harkar motoci masu sitiyari a gefen da bai dace ba, har zuwa kan ƙananan motocin ɗaukar kaya 'yan gwanjo da ake juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Hannun ya saba. Abin da ake tambaya shi ne ko sabon ya zo tare da sanin abin da ake taɓawa.

Sitiyarin gargajiya dabararsa ɗaya ce da ta mai ɗaga dutse da dogon ƙarfe: ka yi tafiya mai nisa da ƙarfi kaɗan, dutse ya motsa kaɗan da ƙarfi mai yawa. A ƙarƙashin sandar sitiyari akwai akwatin ƙarfe, cikinsa da wani ƙarfe mai zare irin na noti, wanda ke mai da juyin hannun direba ya zama tura da ja a kan ƙafafun gaba. Alal misali, in akwatin mai 30 bisa 1 ne, to kafin taya ta karkata digiri 30 sai direba ya juya sitiyari digiri 900, watau zagaye biyu da rabi. Shi ya sa kuma aka yi faifan sitiyarin tsofaffin motoci da faɗi kamar faranti, santimita 50 ko fiye, alhali na ƙaramar mota bai kai 40 ba. Babu famfo, babu tiyo, babu bel. In dai an ba shi mai da giris, sai ya binne mai motar ya binne magajinsa. Wannan ba ƙaramar falala ba ce, ba kuma zan yi kamar ban gan ta ba.

Na fawa kuwa injin mota ne ke juya wani ƙaramin famfo, famfon ya matsa mai ya tura shi ta tiyo zuwa akwatin sitiyari. A cikin akwatin akwai bawul da ke jin ɓangaren da direba ya fara murɗawa, sai ya buɗe wa man hanya ya danna fistin ta wannan ɓangare. Direba jagora kawai yake yi, mai ne ke yin dakon. Ka'idar dai ita ce wadda aka koya mana a sakandare da sunan Pascal, mutumin Faransa na ƙarni na 17. Abin sha'awa, wanda ya fara nuna wannan na'ura tana aiki sosai a 1926, wani injiniyan Amurka Francis Davis, daga sashen manyan motoci na kamfanin Pierce-Arrow ya fito. Watau tun asali wahalar direban babbar mota aka duba. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sa ta a motocin soja masu nauyi, sai a 1951 kamfanin Chrysler ya kai ta ga motar hawa. Masu cewa sitiyarin fawa kayan ƙawa ne na matan manya sun karanta tarihin ta baibai.

To, me direba ke cewa? Ba ya kawo ka'ida, kafaɗarsa yake nunawa. A kan kwalta, mota na gudu, kowane sitiyari yana da sauƙi, domin tayar da ke birgima ba ta gardama. Amma aikin motocin nan ba a kan titin Gusau zuwa Sakkwato yake ba. Aikinsu shi ne shiga bakin gona da ribas, da juyawa a kan siririn gefen hanyar ruwa inda kuskuren taƙi ɗaya zai jefa ƙafa cikin kwalbati, da kutsawa cikin kasuwa tsakanin rumfuna da jakuna da masu baro, da lodi har wuya, mota na tafiya kamar hawainiya. A nan ne za ka ga dattijo ɗan shekara hamsin ya miƙe tsaye a cikin mota yana rataya da sitiyari, wani lokaci har yaron mota ya kama masa. Sa'an nan ga dukan da sitiyarin ke mayarwa: taya ta faɗa rami ko ta daki kututture, faifan ya fizge ya juyo da ƙarfi. Darasin farko da maigida kan koya wa yaronsa shi ne kada ya kuskura ya sa babban yatsa ta cikin faifan, ba kuwa don ado aka ƙago wannan darasi ba. Akwatin fawa yana shanye mafi yawan wannan duka, domin man da ke ciki ya tsaya tsakanin rami da hannu. Ranar da tayar gaba ta fashe ana cikin gudu da kaya, motar kan fizgi ɓangaren da ya fashe, a wannan daƙiƙa bambancin sitiyarin biyu shi ne bambancin tsayawa a gefen hanya da kwanciya a cikin daji.

Akwai kuma gajiya, wadda ba a rubuta ta a rahoton haɗari. Mutumin da ya yini yana kokawa da ƙarfe tun asuba, in la'asar ta yi hannunsa ya mutu, sai ya fara yanke kwana don gudun juyi, ya fara ƙyale ƙananan ramuka. Masu cewa tuƙi da ƙarfi shi ne mazantaka, na fawa kuwa na ragwaye ne, na lura yawancinsu a kan benci suke faɗi, a inuwa, da carbi a hannu.

Amma mai mota shi ma ba wawa ba ne, hujjarsa kuwa ta fi ta direba zurfi, ko da yake ba kullum yake iya tsara ta ba. In direba ya ce, "Alhaji, kafaɗa ta gaji, a taimaka a sa fawa," amsar da ya saba ji ita ce, "Abin da bai lalace ba me za a gyara a cikinsa?" Bayan wannan amsa akwai lissafi. Famfo da akwati da tiyo kayan waje ne, tun kuwa da aka janye tallafin fetur aka saki Naira a 2023 kowane ƙarfe da ya tsallako teku ya yi tashin gwauron zabo. Famfon yana ɗan ƙara shan man gas, ko da yake kaɗan ne. Uwa-uba, an ƙara wa motar abubuwa uku ko huɗu masu iya mutuwa a hanya, a ƙasar da mutuwar mota a hanya ta daina zama maganar ɓata lokaci ta koma maganar rai. Ba sai na tuna wa kowa abin da ya faru a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta 2021 ba, ko a makarantar Kaya ta Maradun a farkon Satumban wannan shekara, ko yadda aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara bayan haka, har ya zama wanda motarsa ta tsaya a daji ba shi da ko hanyar kiran gida. Wanda ya rayu cikin wannan, in ya ce ba ya son ƙarin abin da zai iya tsai da shi da magariba, ba a yi masa dariya.

Mu mutanen Bakolori ma muna da wani dalili na musamman na tsoron na'ura mai daɗin aiki. Da kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka tsara shayar da kadada 23,000, kusan kashi biyu cikin uku ta hanyar bututu masu feshi kamar ruwan sama, sauran ta hanyoyin ruwa masu gangara da kansu. Feshin nan shi ne abin nuna wa baƙi. Shi ne kuma ya fara mutuwa, domin yana bukatar lantarki da manyan famfuna da kayan gyara daga Turai, hanyoyin gangara kuwa suka ci gaba da numfashi ko da ciyawa da laka sun cike su. Da Bankin Duniya ya kawo shirin gyara bayan 2014, cikin abin da aka tsara har da mai da wani ɓangare na filin feshi ya koma na gangara. Iyayenmu sun biya wannan aiki da gonakinsu, wasu da rayukansu a watan Afrilu 1980 da 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Mutumin da ya ga bututun ƙarfe na miliyoyin Naira sun koma abin ɗaure awaki, in ya ce sitiyarin gargajiya shi ne hanyar gangara, na fawa kuwa shi ne feshi, lalle ya yi magana.

Sai dai misalin bai ƙare a nan ba, kuma ragowarsa ce ta sa na saɓa masa. Manoman da feshi ya mutu ya bari ba su koma jigo da guga ba. Ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur suka saya, suka haƙa rijiyoyin burtsatse a fadama. Waɗannan ma na'urori ne, daga waje kuma suka zo, suna kuma lalacewa. Bambancinsu da feshi shi ne in sun lalace da safe ana ɗora su a babur, a kai su gari, a dawo da su kafin azahar. Ashe ma'aunin ba sauƙin ƙira ba ne kawai. Ma'aunin shi ne ko akwai mai gyara da kayan gyara a inda ƙafa za ta iya kaiwa. In da a 1980 ake wannan gardama, da na bi bayan mai mota ba tare da jinkiri ba, domin a lokacin famfon sitiyari baƙo ne a garejin ƙauye. Yau kuwa Golf ɗin haya da bas ɗin Hiace da kanta da tifa da tirela duk da shi suke yawo. Man sitiyari yana kan teburin mai sayar da baƙin mai. Akwai masu matse bakin tiyo a manyan garuruwa, abin da ya gagara kuma ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Na'urar ta zama 'yar gida.

Saura sharuɗɗan, a nan ne kuma nake rabuwa da abokaina direbobi masu cewa a sa ko ta halin ƙaƙa. Da yawan sitiyarin da ake kuka da nauyinsa ba haka aka haife shi ba, rashin kulawa ne ya mai da shi haka. Ƙusoshin da ƙafafun gaba ke juyawa a kansu sun bushe, rabonsu da giris tun damina. Akwatin ya tsiyaye mansa ya koma cin kansa. Iskar taya ta yi ƙasa don babu mai sa geji, sai dai a buga da ƙarfe a saurari ƙara. Ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba ya lanƙwashe tun wani tsohon karo. An kuma tula buhuna har bisa kan direba, nauyin da ya kamata ya zauna a baya ya dawo gaba. In aka ɗora famfo a kan wannan, nauyin zai ɓace daga hannu, amma ciwon yana nan, an dai ba shi maganin barci ne. Sitiyarin gargajiya yana da wannan gaskiya, in abu ya fara lalacewa yakan faɗa wa hannu. Na fawa yakan rufa asiri har ranar da ƙarfe zai karye. Saboda haka a fara ɗaga gaban motar a jak, a gyara duk abin da ke ƙasa, a sake gwadawa. Wasu motocin a nan maganarsu za ta ƙare, da kuɗin da bai kai ushirin na famfo ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda sauyin ke faruwa a aikace. Yawanci ba shiri ake yi ba. Tsohon inji ya buga, aka sayo wani ɗan gwanjo, sai ga shi ya zo da famfon sitiyari manne a jikinsa. Bakanike ya ce ai asara ce a bar shi haka nan. Sai a nemo akwatin fawa na ko wace irin mota aka samu da araha, ramukan notinsa ba su dace da shasi ba, a yanko farantin ƙarfe a yi walda, a huda sababbin ramuka. Hannun da ke fita daga akwatin ya yi tsawo ko gajarta, a yanke shi a haɗa da na tsohon, a shafa baƙin fenti. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Mu ɗan yi lissafi. Famfon babbar mota yana iya matsa mai har ya kai nauyin kilo 100 a kan kowane murabba'in santimita, alhali iskar tayar babbar mota wajen kilo 7 ce. In fistin da ke cikin akwatin faɗinsa santimita 8 ne, fuskarsa ta kai murabba'in santimita 50, watau yana iya turawa da ƙarfin tan 5. Duk lokacin da direba ya murɗe sitiyari har ƙarshe mota na tsaye da lodi, ko taya ta tokare da bakin kwalbati, irin wannan ƙarfi ne ke sauka a kan farantin da aka yi wa walda a gindin bishiya, da kuma shasin da ya shekara arba'in yana shan tsatsa. Damtsen mutum yana da iyaka, ya gaji ya bari. Famfo ba ya jin tausayi. A Ingila da Amurka mai duba lafiyar mota in ya ga walda a hannun sitiyari ba ya sauraron bayani, motar ta faɗi ke nan, domin zafin walda yana sauya halin ƙarfen da aka ƙera da wuta da guduma, ya bar shi da tsagewar da ido ba ya gani.

Hanyar da ta dace sananniya ce, sai dai ta fi tsada. Kamfanin Marsandi ya fitar da wasu manyan 'yan gidan 911 da sitiyarin fawa tun daga masana'anta, to daga irinsu za a ciro kayan gaba ɗaya, akwati da hannunsa da mazauninsa da famfo da tulun mai, a ɗaura da noti mai ƙarfi ba da walda ba, a sa sabon tiyo ba wanda ya riga ya sha rana ba. Motar da ba ta da 'yar'uwa irin wannan, wadda sai an yi ƙage da yanke-yanke kafin kayan su zauna, a bar ta da nata, a rage mata lodi. Na san wannan hukunci zai bar Bedford da yawa a inda suke, ban kuwa ji daɗin haka ba, amma araha ba ta ado.

Wani abin da samarin direbobi ke yi wanda ya kamata a hana shi ne sauya faifan. Da zarar an sa fawa sai a cire babban faranti a sa ɗan ƙarami na motar hawa, wai ya fi kyau. Ga abin da ke biyo baya ranar da bel ya tsinke ko inji ya mutu a gangara. Akwatin fawa an yi shi da gajeren juyi, a ce 20 bisa 1 maimakon 30, domin an dogara ga mai. Wannan kaɗai ya mai da nauyin ninki ɗaya da rabi. In kuma faifan ya sauko daga santimita 50 zuwa 40, sai a sake ƙara rubu'i. A haɗa, direba zai bukaci kusan ninki biyu na ƙarfin da yake sa wa tsohon sitiyarinsa, ban da turin man da ya tsaya cikin akwati, kuma abin zai zo masa ba sallama, a tsakiyar kwana. Motar ba ta rasa sitiyari ba, ƙarafan suna haɗe, amma sai wanda ya shirya. Don haka babban faifai ya zauna, bel na ajiya da galan ɗin man sitiyari su zauna a bayan kujera, a kuma gaya wa yaron mota da babbar murya cewa man birki ba ya shiga tulun nan, domin yana cinye robobin da ke ciki.

A-kori-kura ba ta cikin wannan magana. Gabanta ba shi da nauyin da zai gagari mai lafiya, kuɗin famfo gara a sa su a birki da taya. Haka nan sitiyarin lantarki da ya fara fitowa a ƙananan motocin Japan a 1988, wanda wasu ke ciro wa daga motocin da suka yi haɗari suna neman inda za su liƙa: an yi shi ne don ƙaramar mota, ƙwaƙwalwarsa a rufe take, in ta mutu ba mai buɗe ta a Mafara. Shi ne feshin wannan zamani.

Sauran magana ta kuɗi ce, ita ce kuma ainihin abin da ya hana gardamar ƙarewa. Wanda zai biya daban, wanda kafaɗarsa ke ciwo daban. Mai mota bai taɓa juya ta a bakin gona ba, direba kuwa ba shi da takardar ɗaukar aiki balle asibiti; ranar da hannu ya ƙi ɗaguwa sai a karɓi makulli a ba yaronsa. Har akwai inda ake cewa direba in yana so ya sa da kuɗinsa, a riƙa cirewa daga abin da yake samu, wannan kuwa shi ke tura shi wurin mai walda mafi araha. A ganina kuɗin na mai mota ne, kamar yadda kuɗin taya da na inji suke nasa, kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO, da suke karɓar kuɗin tikiti a kowace tasha, suna da bakin da za su zauna su yanke wannan.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka riga mu fita kuka kama aiki a ma'aikatar ayyuka, ko ofishin VIO, ko Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, takardar shaidar lafiyar mota da kuke sa wa hannu ba rasit ba ce. Duba sitiyari ba ya bukatar na'urar miliyoyi. Mutum ɗaya ya riƙa kaɗa faifan hagu da dama, ɗaya ya durƙusa da tocila ya ga ko akwatin yana motsi a jikin shasi, ko akwai walda, ko mai na zuba. A ƙa'idar Amurka, faifai mai faɗin inci 20 na sitiyarin gargajiya bai kamata ya yi wasan da ya wuce inci 2 da rabi ba kafin taya ta amsa. A tashoshinmu akwai motar da za ka juya kusan rubu'in zagaye taya ba ta san ana yi ba. Minti biyar ya isa a gane wannan, ko da ma'aunin tela.

Ɗaliban injiniya kuwa, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talatar Mafara, kowace shekara ana neman abin da za a yi aikin kammala karatu a kansa, a ƙare da kwafo injin da aka ƙera sau ɗari a wasu makarantu. Ga aiki a ƙofar gida. A auna shasin 911 da na Bedford, a gano akwatin da ya dace da kowace, a lissafa kaurin farantin da girman notin da za su ɗauki tan 5 ba tare da walda ba, a zana shi a takarda ɗaya da bayani cikin Hausa, a buga a raba wa garejoji daga Maradun har Bakura. Bakanikan za su karɓa, domin su ma ba sa son a ce motar da ta kashe mutane daga hannunsu ta fito. Motocin da za a auna kuwa suna nan a tasha kowace Talata da hantsi, kafin a fara lodi.